Mamacin da Ya Sayar da Daimon

A bencin jira na ofishin haraji a Gombe, Lois, mai sayar da kayan miya a unguwar Herwagana, tana zaune da wasiƙa a hannu. Wani mai babbar riga da ba ta sani ba ya zauna gefenta yana huci.

"Baiwar Allah, kin ji zalunci? Daimon nake saye da sayarwa. Wai rasit ɗin sayayyata na bogi ne, za su ɗauki kuɗin kaf a matsayin riba su yanka min haraji!"

"To, ka sayi duwatsun ko ba ka saya ba?"

"Na saya mana, a hannun masu haƙa. Su ina suka ga rasit? Sai ka sayi takarda mai hatimi da sunan wani. Kowa haka yake yi."

"Sunan wa aka sa maka?"

"Wai Hillary Dauda. Sunan ƙarya ne, babu mai shi."

Lois ta miƙa masa wasiƙar.

"Karanta. Mijina ne, kafinta. Shekara huɗu ke nan da muka binne shi. An rubuto wai ya sayar da daimon na miliyan tamanin bai biya haraji ba."

"Innalillahi! Madam, wallahi ban sani ba."

"Mutumin da ko zoben azurfa bai taɓa iya saya min ba! Tashi, Alhaji, tare za mu shiga. Ka gaya musu ranar da ya fito daga kabari ya sayar maka."