Wanzamina ya tona asirin agarata

Salamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ne Umaru, ɗan kokawa daga Danchadi.

Tun kaka agarata ta dama ke ciwo, kullum da safe sai na ɗingisa. Malamin asibiti ya ce in dakata da kokawa, in riƙa ɗaga dunduniya a hankali. Amma wanzaminmu, wanda ya yi mini kaciya, ya kafa mini ƙaho, ya ce, "Ka warke, ɗana, shiga fage."

A Dandin Mahe abokin karawata bai nemi ƙuguna ba, agarar nan ya taɗe, ta tsinke. Ashe surukin wanzamin ne!

Yanzu jaki ke kai ni fadama. Jama'a, agarar da ta tsinke tana haɗuwa? Kuma wa zan sake miƙa wa kaina ya aske?