Saniyar Baffa Altine a bayan danga

Salamu alaikum, malam mai karanta wasiƙu. Ni ce Hadiza, mai jinya a likitar Dogon Dutsi, wato asibitin garin.

Da sanƙarau ya shigo bana, lokotoro, babban mai duba marasa lafiya, ya hana 'yan dubiya shiga. Mu muka sha zagi, har gwaggota da ta taho daga Dumega ta ce ba ni da imani.

Cikin majinyata akwai Baffa Altine, dattijo makiyayi. Ciwo ya sauka, amma kunya ta hana shi cin abinci gaban baƙi, yana ta ramewa. Na iske matarsa a waje tana kuka. Na ce, "Inna, mutane aka hana, ba shanu ba. Kawo wadda ya fi so."

Sai ga ta da saniya bayan danga, daidai tagarsa, tana tatsa tana kiran sunan saniyar. Na dafa madarar, na aje mishi, na fita. Da na dawo ƙwarya ba ko ɗigo, Baffa na zaune yana faɗa, wai an bar maraƙi da yunwa!

Jiya ya koma gida da ƙafarsa. A gaya wa gwaggo, marar imanin nan tana gaishe ta.