Kwamin Shanu a Tsakar Gida

A tashar Gusau, Luba na tsaye ana ɗaure mata kwamin ƙarfe a saman motar Bunguɗu, sai wani dattijo ya tanka mata.

"Hajiya, shanu nawa gare ki?"

"Ko akuya ba ni da ita, Baba. Tsakar gida zan girke shi, in cika shi da ruwa yarana su yi wasa."

"Yara a mashayar dabbobi? Gari zai yi da ke."

"Su yi ta yi. Bara da aka tsamo Mannir ɗina daga gulbi, kowa ya zo gaisuwa ya koma gidansa. Biyu suka rage mini. Ruwa suke so, to ga shi inda idona yake."

Dattijon ya ɗaga kai ya dubi kwamin.

"Direba, ƙara masa igiya."