Ranar da Baban Godiya Bai Yi Wasa Ba

’Yan’uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto. Ni ce Rahila, Maman Godiya, ta zumuntar mata.

Kun san ni da tsoro. Yarinya ta yi atishawa, na riga na ɗaura zani zuwa asibiti. Amma babban tsorona maigidana ne, Bulus. An ce yana da hawan jini, ya ce shi manomin citta ne, wanda ke kwana cikin citta ba ya shan ƙwaya. In na yi magana sai ya ce, “Madam Fargaba ta fara wa’azi.”

Ga shi da wasa. Kullum sai ya murguɗa wa Godiya baki don ta yi dariya.

Wata Asabar da safe muna shan kunu, sai bakinsa ya karkace. Godiya ta fashe da dariya. Surukata, Mama, ta ce, “Kai Bulus, ka girma mana!” Ni kuwa na zuba masa ido, don in wasa yake, ido ɗaya yake kannewa. Yau babu kanne ido. Kofi ya suɓuce daga hannunsa, ya buɗe baki zai kira ni, maganar ta fito kamar ta ɗan burkutu.

Mama ta ce jifa ne. Ta ɗauko manja da garin citta za ta ɗura masa. Ni da ban taɓa ɗaga ido a gabanta ba, na durƙusa na ce, “Yesu, ka ba ni zuciya, tawa ba ta aiki!” Ban san lokacin da na fizge kwalbar ba.

“Rahila, ni?”

“Mama, ki yafe mini a mota.”

A asibitin garinmu aka ce shanyewar ɓarin jiki ce, mu wuce Abuja maza. Can suka tura shi cikin wani inji kamar bakin tanda, suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa. Likita ta nuna mini inda gudan jini ya toshe jijiya. Na ce, “Likita, taurin kan fa, ya fito a hoton?” Ta ce wannan injinsu bai kai can ba tukuna.

Da ta ce ta matsematsin cinya za su zura siririyar waya har cikin kai, Mama ta miƙe. “Ciwo a kai, ku huda cinya? Ku kun gama makarantar kuwa?” Likita ta ce, “Mama, mai zuwa Zangon Kataf ai hanya yake bi, ba ya fasa dutse.” Mama ta zauna, amma ba ta daina harara ba.

Suka ciro gudan jinin! Ɗan abu bai kai ƙwayar wake ba, shi ya kayar da ƙato. Likita ta ce da an ɗura masa manjan nan, da ya shaƙe shi. Mama ta kalli silin.

Da Bulus ya farka, ya kanne mini ido. Na yi kuka har ma’aikaciyar jinya ta ba ni kujera. Yabi Ubangiji! Hannun bai gama dawowa ba, amma yana ɗaga Godiya, yana kuma shan maganinsa.

Ku dogara ga Allah, ’yan’uwa. In bakin mutum ya karkace, ku yi addu’ar a cikin mota, kada ku ba shi komai a baki. Kuma don Allah, duk wanda ya ga Baban Godiya a wurin mai tsire yana cewa a ƙara yaji da gishiri, ya zo ya gaya mini.