Abin da Ke Cikin Ɗakin Gwajinmu

Shugaban taro, shugabar makaranta, modibbai da limamai, iyayen yara na Dubeli da Karewa, da waɗanda suka taso tun daga sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi, assalamu alaikum.

Ni ce Zulaihatu Jibrilla, mai koyar da kimiyyar sinadarai. Ina godiya da wannan dama.

Magana ta farko. Tun shekarun da bama-bamai suka tashi a garin nan, kalmar sinadari ta yi baƙin jini. Aka garƙame ɗakin gwajinmu, muka koma allo. Yaro ya haddace cewa ruwa zai canza launi, ya rubuta, ya ci maki, bai taɓa gani ba. Alhali a jami'o'i, masu bincike suna gwada toka da ɓawon ƙwai don mayar da tsohon man suya ya zama man inji. Bana dai an buɗe mana ƙofa.

Magana ta biyu ta shafi Aisa, wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajina. Mahaifinta, Malam Bilal, ga shi can zaune, kuma da izininsa nake magana. Ya ce daga wannan zangon ta bar ajin kimiyya. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Malama, abin da ya ɗauke mini ɗana a kasuwar garinmu, wani ne ya zauna ya haɗa shi. Ba zan ba da 'yata ta koyi haɗe-haɗe ba." Ban yi masa musu ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Na dai roƙe shi ya zo ya gani, domin gani ya kori ji.

To Baba, ga kofin zoɓo, ja wur. Na zuba ruwan kanwa. Kun gani, ya yi duhu, ya koma kore. Da wannan muke koya musu bambance mai tsami da mai kashe tsami. Yanzu ga lemon tsami. Ya dawo ja.

Na sani, Baba, ba komai ne ke dawowa yadda yake ba. Ba ni da abin da zan zuba ya dawo maka da ɗanka. Amma Aisa tana nan, kujerarta tana nan, kuma hukunci naka ne.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya raya mana waɗanda suka rage, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.