Mai Amsa Sallamar Malam Tasi'u

A rumfar mai kayan lantarki, a kasuwar Dawakin Tofa, wani dattijo, Malam Tasi'u, ya ajiye ƙonannen soket a kan tebur.

"Samari, ba ni irin wannan."

"Subhanallahi! Baba, gobara aka yi?"

"Ɗakina ta cinye, har da dawar bana. Ina gona aka kawo wuta da ƙarfi."

"Allah ya mayar da alheri. Siririyar waya aka sa muku. Me kuka bari a jone?"

"Rediyo."

"Haba Baba! In za ku fita, ku zare komai. Wa ke saurare, ba kowa a gida?"

Dattijon ya daɗe yana jujjuya soket ɗin.

"Tun da matata Asama'u ta rasu, yara kuma duk suna birni, in na dawo na yi sallama, shiru nake ji. Shi ya sa nake barinsa yana magana."

Mai rumfa ya sassauta murya.

"Akwai mai batir, Baba. Ba ruwansa da wutar gida."

"Zai kai magariba yana magana?"

"Zai kai."

"To ba ni. Da magariba nake dawowa."