Sikelin Cincin Ɗina

Ina gaishe ku duka cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Fasto, na gode da ka ba ni fili. Sunana Rifkatu, amma a zumuntar mata an fi sanina da Maman Ishaya mai cincin. Ku yi haƙuri da ni, shaidata ta yau ba irin ta tafi da guɗa ba ce.

Ishaya shi kaɗai Allah ya ba ni. Da na zo ƙasar nan aikin kula da tsofaffi, a hannun mahaifiyata na bar shi a Kafanchan. Ita ta goya shi, ita ta kai shi makarantar Lahadi, sai da ya zama saurayi na kawo shi nan unguwar Highbridge a Amurka. Ni na haife shi, amma Kaka ce uwarsa.

Bayan jihar nan ta halatta wiwi, na fara jin wari a rigunansa. Na tsare shi. Ya ce, "Mama, it's legal. Na wuce shekara ashirin da ɗaya, a shago mai lasisi nake saya, kuma ba na wuce oza uku." Yaron da aya ɗaya ta gagare shi haddacewa, sai ga shi ya haddace dokar wiwi kamar lauya. Har sikelin da nake auna fulawar cincin ya ɗauke ya kai ɗakinsa, wai don kada ya zarce abin da doka ta yarda. Na yi faɗa, na yi kuka, na yi azumi. Daga baya na gaji. Na ce tunda ɗan sanda ba zai taɓa shi ba, saura tsakaninsa da Allahnsa.

Sai aka kira shi intabiyu na zama ɗan ƙasa. Shirinmu shi ne yana samu mu tafi gida tare, don jikin Kaka ya fara ƙi. Da safen na dafa kansa na yi addu'a, na ce, "Duk abin da suka tambaye ka, ka faɗi gaskiya. Ɗan Allah ba ya ƙarya." Jami'in ya tambaye shi ko ya taɓa shan wiwi ko makamantanta. Ishaya ya ce e, har ya ƙara da bayanin oza uku, don a san shi mai bin doka ne.

'Yan'uwa, rashin sani ya fi dare duhu. Ashe dokar biyu ce. Jiha ta yarda, gwamnatin tarayya ba ta yarda ba, kuma takardunmu na baƙi a hannun tarayya suke. Abokansa da aka haifa a nan babu abin da ya same su. Shi kuwa aka hana shi takardar zama ɗan ƙasa. Lauyar da muka je wurinta ta ce kada ya kuskura ya fita daga ƙasar nan, don duk da katinsa na zama, ana iya tare shi a filin jirgi a hana shi dawowa.

Ciwon Kaka ya tsananta, na tafi ni kaɗai. Ina shiga ɗakinta ta leƙa bayana. Kun san yadda kaka ke tsokanar jikanta. Ta ce, "Ina maigidan nawa? Ko ya yi sabuwar amarya a Amurka ya manta da ni?" Na ce mata aiki ne ya riƙe shi. Ni da na hana ɗana ƙarya, na yi wa uwata ƙarya a gadon mutuwarta.

Ta riga ta faɗa wa dangi cewa Ishaya ne zai fara zuba mata ƙasa. Ranar jana'iza na kira shi ta bidiyo, na ɗaga waya sama don ya gani. Ana sauke akwatin, layin ya yanke. Ni na zuba ƙasar.

Da na dawo, kun daina ganina a sujada. Ba ciwo nake yi ba, fushi nake yi da Allah. Ishaya ya kulle kansa a ɗaki, hayaƙin ya ninka na da. Muna gida ɗaya, ba mai iya kallon idon wani.

Wata rana da yamma na taso daga aiki, ina hawan doguwar matakalar nan ta unguwarmu, sai na tsaya a tsakiyarta. Na zauna mutane suna wuce ni. Na ce, "Ubangiji, gaskiya na koya masa, gaskiyar ce ta raba shi da Kaka. Me kake so da ni? Na kasa. Ga yaronka nan, ba ni da sauran dabara." Ban ji wata murya ba. Kuka kawai na yi, na tashi na ƙarasa hawa.

Ina shiga kicin na ga sikelina a kan tebur, an wanke shi tas. Ishaya, wanda kullum da Turanci yake amsa mini, ya ce da Hausa, "Mama, ga kayanki. Ba abin da zan ƙara aunawa."

Ba zan ce muku komai ya gyaru ba. Takarda ba ta fito ba, lauya ba ta yi mana alkawari ba. Har yau bai ga kabarin ba, ban san ko zai gan shi ina raye ba. Akwai safiyar da har yanzu addu'a ke maƙale mini a wuya.

Amma Allah ya fid da ɗana daga hayaƙin nan, ya dawo da ni gidansa na sujada. Na gode wa Yesu. Iyaye, ku gaya wa 'ya'yanku dokar biyu ce, kuma ko kun ji ƙarfinku ya ƙare, kada ku saki Ubangiji. Ga Ishaya can a kujerar baya, shi ya ce in faɗa. Cincin ɗin da za ku ci bayan sujada, shi ya auna mini fulawarsa.